Me Rabi take karantawa? Muhawara kan polima da hasken leza

Alhaji Tanko, Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma da gaske nake. 'Yar ƙanwata Rabi tana cikinmu a nan. Shekararta ta biyu ke nan a digiri na biyu, ni nake ɗauke da karatun tun rasuwar mahaifinta, Allah ya jiƙansa. Jiya bayan isha'i na ce ta faɗa mini abin da take bincike a kai. Ta faɗa da Turanci, na ce ta sake da Hausa, ta ce wai wata roba ce da ke canza hali idan haske ya yi mata ƙarfi. Na kwana ina juya maganar. Ba ƙorafin kuɗi nake yi ba. So nake idan abokan ciniki sun tambaye ni a tasha in sami abin faɗa musu. Malam Garba, kai ka koyar da kimiyya shekara da shekaru, ka sa baki. Rabi, ke ma kada kunya ta hana ki magana.

Malam Garba, Asawase:
Wa alaikumus salam Alhaji. Amin. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ta fara tukuna. Ina da tawa maganar, amma sai na ji ta bakinta.

Rabi:
Kawu ina wuni. Ina gaishe da iyayena da yayyena na zaure. Bari in fara da ledar nan da muke ce wa roba, wadda ake ƙulla koko a ciki. Irinta ake kira polima, wato ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya da aka jera suka zama doguwar sarƙa kamar carbi. Ƙashin bayan sarƙar sinadarin kabon ne. A ledar koko kowane kabon ɗauri guda ya haɗa shi da maƙwabcinsa, kuma duk wani ilektiron da ke wurin, wato 'yar ƙwayar da ke ɗaukar lantarki, yana da aikin riƙo, yana nan a ɗaure kamar akuya a turke. Shi ya sa lantarki ba ya bi ta cikinta, har da danginta ake lulluɓe waya.

Tawa polimar daban take. Ɗaurinta bi da bi yake zuwa: guda, biyu, guda, biyu, har ƙarshen sarƙa. A irin wannan jeri kowane kabon yana da ilektiron ɗaya da ba shi a turke, sai su bazu suna kiwo a tsawon sarƙar. Shi kuwa haske, idan ya faɗa a kan abu, kaɗa ilektiron ɗin abin yake yi gaba da baya. Na turke kaɗan suke motsawa. Na sake kuwa suna da fili, su tafi da nisa su dawo.

Idan hasken ba mai ƙarfi ba ne, amsar abu daidai take da shi: ka ninka haske, amsa ta ninku. Hasken rana ma a nan yake, duk zafin tsakar rana bai wuce kamar kilowat ɗaya a murabba'in mita ba. Amma leza mai harbi a taƙaice tana iya tara wat biliyan a murabba'in santimita ɗaya. A nan ma'aunin ke karyewa, amsa ta daina bin haske sau da ƙafa. Wannan karyewar nake nazari.

Yakubu Mai Gyara, Adum:
Rabi dakata in gwada ko na gane, don ya yi kama da aikina. Lasifikar masallaci idan an buɗe ta daidai wa daida, muryar liman ce ke fita yadda take, ƙarfi kawai ta ƙara. Idan yaro ya murɗa ta har ƙarshe, takardar lasifikar ta kai iyakar motsinta, sai ka ji murya ta dishe, wasu siraran sautuka da liman bai yi ba sun shigo. Mu mun san ba daga makirufo suke ba, lasifikar ce ta haife su. Ko ba haka ba?

Rabi:
Wallahi haka ne Yaya Yakubu, kuma ba kama kawai suka yi ba, lissafinsu ɗaya. Siraran sautukan nan ninki biyu ne da ninki uku na ainihin muryar. A haske, ninkin nan sabon launi ne. An ƙera leza ta farko a 1960, Theodore Maiman ya yi ta da dutsen yaƙutu. Shekara ɗaya bayan nan, 1961, Peter Franken da abokansa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka harba jar lezar nan mai tsawon zango nanomita 694 cikin wani farin dutse mai suna kwaz, ta ɗaya gefen aka sami ɗan haske mai nanomita 347, rabin zangon cif. Ƙanƙantarsa ta kai har da aka zo buga hoton a mujalla, masu ɗab'i suka ɗauka ɗigon datti ne suka goge shi. Kawu, tsawon zango shi ne irin wanda ake faɗa a rediyo, mita kaza a gajeren zango, sai dai na haske ƙarami ne ƙwarai, nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

Yakubu Mai Gyara, Adum:
To ai na taɓa riƙe abin nan a hannuna ke nan! Koriyar lezar nan mai kamar biro da yara ke saye a kasuwar Kejetia. Wani ya kawo mini tasa ta mutu, na fasa ta ina neman ƙwan kore, babu. Ɗan ƙwan da na gani da kyar yake nuna ja-ja, sai wani ɗan gilashi kamar ƙwayar shinkafa a gabansa. Na ce masa an cuce shi. Ashe ni ne ban sani ba.

Rabi:
Shi ne. Ƙwan yana ba da nanomita 808, ya shiga wani lu'ulu'u ya koma 1064 wanda ido ba ya gani, na biyun ya ninka shi ya fito 532, kore. Amma don Allah kada ka sake leƙa ta tana kunne. Masu arahar sau da yawa ba su da matacin da ke tare hasken da ba a gani, yana fitowa tare da koren, ko ma shi kaɗai idan koren ya mutu, kuma ido ba ya ƙiftawa don bai san yana nan ba. Iyaye a karɓe ta daga hannun yara.

Sai dai in faɗi gaskiya, wannan ɗan gilashin ba polima ba ne, kuma yawancin polimata ba za su iya wannan aikin ba. Ninki biyu sai abin da yake da kai da gindi, wanda in an tura ilektiron ɗinsa dama ya fi sauƙin tafiya a kan hagu. Sarƙata dama da hagu duk ɗaya ne a wurinta, sai ninki biyun ya soke kansa. Abin da ya rage mata mataki na uku ne, kuma a nan ta yi fice. Yana ba da ninki uku na haske. Abin da ya fi jan hankali kuma, ƙarfin haske yana canza yadda abin ke rage wa haske gudu. Ke nan da haske ɗaya za ka iya buɗe wa wani haske hanya ko ka rufe, ba tare da waya ko makunni ba. Da yake ilektiron ne kawai ke motsi, abin yana faruwa ya koma yadda yake cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan.

Hajiya Mariya, Kasuwar Asafo:
Sannu 'yata, Allah ya yi albarka. Ni dai manja nake sayarwa, rabin maganar ta wuce ni. Amma an ce abu yana canzawa idan haske ya yi masa yawa, wannan kam na sani. Jarkar da na bari a bakin rumfa rana tana dukanta, bayan kwanaki jan yana dusashewa, mai saye ya ɗaga ya ce tsohon mai ne. In kuma aka soya shi ya yi hayaƙi, sai ya koma fari-fari. Ko akwai dangantaka?

Rabi:
Inna Hajiya, kin taɓo inda yake mini ciwo. Jan manja daga wani sinadari yake mai suna karotin, shi ma ɗaurinsa guda, biyu, guda, biyu ne. Nau'insa da aka fi sani kabon 40 gare shi, da ɗauri biyu-biyu guda 11 a jere. Gajeriyar sarƙa ce, ƙanwar polimata, har masu bincike sun auna amsarta ta mataki na uku don su fahimci dogayen. Ilektiron ɗinta na sake su ke shanye shuɗin haske, abin da ya rage ya zo idonmu ja. Idan rana da zafi da iskar oksijin suka tsinka jerin, launi ya tafi. Abin da ya sami jarkarki ba shi ne canjin da nake nema ba, don nawa yana komawa nan take, naki kuwa ba ya dawowa. Amma shi ne babban abokin gabar aikina.

Malam Garba, Asawase:
Madalla. Yanzu zan yi magana. Rabi, bayaninki ya yi, ban sami abin gyarawa ba. Alhaji, 'yarka ta san abin da take karantawa. Amma tambayarka ba a amsa ta ba, kuma ba zan rufe ka ba.

Wannan fage ba sabo ba ne. Tun 1976 wasu masu bincike a Turai suka auna mataki na ukun nan a lu'ulu'un polidayasitilin, wata polima irin ta Rabi, suka ga yana da girma ƙwarai. A 1977 Hideki Shirakawa na Japan da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa idan aka shayar da poliasitilin, ita ma polima mai ɗauri bi da bi, tururin aidin, lantarki zai bi ta cikinta ninkin ba ninki, sau miliyoyi. Asalin abin ma kuskure ne a ɗakin gwajin Shirakawa, an zuba sinadarin da ke tayar da haɗin fiye da ƙima kamar sau dubu, sai ga wata fata mai sheƙin azurfa maimakon baƙin gari. A 2000 aka ba su ukun kyautar Nobel. Ina aji a shekarun 1990 ina gaya wa yara cewa kwamfutar gobe da haske za ta yi aiki, robar nan ce makunninta. Na yi imani da haka a lokacin. Yau na yi ritaya, wasu cikin yaran nan suna da jikoki. Ina makunnin? Wa ya taɓa ganinsa a kasuwa, a nan ko a Turai?

Inda polimar nan ta yi amfani daban ne. Yakubu zai shaida, akwai kafasito a allon kwamfuta da ake yi da polima mai ɗaukar lantarki. A 1990 a Cambridge aka sa wata daga cikinsu ta ba da haske. Ana yin faifan sola mai lanƙwasuwa da su. Ƙasar da rana ta yi mata yawa wuta ta yi mata kaɗan, me ya sa 'yarmu ba za ta bi ta sola ba? Wannan ce tambayata, ba don in karya mata gwiwa ba.

Yakubu Mai Gyara, Adum:
Kafasiton gaskiya ne Malam, ba sa kumbura su zubar da ruwa kamar na da. Gilashin manyan wayoyin nan masu tsada ma ai OLED ne, irin allon da ke ba da haske da kansa, ko ba polimar Rabi ba ce?

Rabi:
A'a Yaya, yawancin na waya da ƙananan ƙwayoyi ake yin su, dangi ne amma ba doguwar sarƙa ba. Ba na so in ci bashin abin da ba nawa ba.

Usman Faiba:
Salam. Ina kan hanyar Accra, yanzu muka tsaya a Nkawkaw na karanta duka. Ni aikina haɗa faiba, bari in faɗi abin da na gani da idona, kowa ya ɗauki nasa.

Zaren gilashin da muke binnewa kaurinsa maikron 125 ne, kamar gashin kai, hanyar hasken da ke tsakiya kuwa kamar maikron 9. Hasken da ke bi nanomita 1550 ne mafi yawa, ba a ganinsa. Tsabtar gilashin ta kai sai haske ya yi tafiyar kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Amma duk inda saƙo zai canza hanya, yawanci sai an mai da shi lantarki, na'ura ta karanta, a sake mai da shi haske. Ɗakunan nan na shiga, sanyin na'urar sanyaya ɗaki kamar firji, janareta a waje yana jira, duk don zafin da juyin nan ke haifarwa. Wanda ya kawo abin da haske zai tura haske kai tsaye ya yi babban aiki. Kuma kada a ce ba ruwanmu. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, kowa a zauren nan ya ji a jikinsa, masu karɓar kuɗi ta waya da masu banki duka. Cinikinmu a kan hasken nan yake tafiya.

Ta ɗaya ɓangaren, Malam yana da gaskiya. Canjin da Rabi take nema, gilashi ma yana yinsa kaɗan, kuma mu matsala ce a wurinmu, shi ya hana a ƙara wa leza ƙarfi yadda aka ga dama, don a doguwar tafiya yana tattaruwa ya ɓata saƙo. Abin da nake son sani: polimarki tana da tsabtar gilashi? Don idan makunni zai cinye hasken da aka ba shi ya tura, ba shi da amfani a wurina.

Rabi:
Ba ta da ita, Yaya Usman. Hasken da gilashinka zai rasa a kilomitoci, polima kan rasa shi a santimita ɗaya. Sarƙoƙin ba sa kwanciya a miƙe, suna cukurkuɗewa kamar taliya, haske ya watse. Wannan da sauƙi, don makunni ba ya buƙatar tsawo. Mai wuyar shi ne amsar tambayar Malam.

Allah ya gafarta Malam, dalilin da makunnin bai zo ba shi ne ƙarfin abin da rauninsa daga tushe ɗaya suke. Duk abin da zan yi in ƙara wa ilektiron 'yanci don amsarsa ta girma, yana matso da shi kusa da inda zai shanye hasken gaba ɗaya. Ko na zaɓi launin da polimar ba ta sha, idan leza ta yi ƙarfi sai ilektiron ya haɗiye ƙwayar haske biyu a lokaci guda, ya sami abin da ɗaya ba ta isa ta ba shi ba. Hasken ya koma zafi, zafi kuma ba ya tafiya da sauri, sai saurin da ake taƙama da shi ya lalace. Ga kuma oksijin. Akuyar da ba ta turke ita ce ta fi sanin gari, ita ce kuma ɓarawo ke fara samu. Poliasitilin ɗin Shirakawa idan aka bar ta a iska lalacewa take yi, kamar manjan Inna Hajiya. Ban ɓoye wa kaina wannan ba, shi ne babi na biyu a kundina.

Malam Garba, Asawase:
To kin faɗa da bakinki. Idan cutar a jinin abin take, me ake jira?

Dakta Nuhu, Jamus:
Assalamu alaikum. Na makara, aiki ya riƙe ni. Malam, ɗalibinka ne na da, a ajinka na fara ganin an raba farin haske da gilashi mai kusurwa uku, don haka da ladabi zan saɓa maka.

Na farko, shanye ƙwayar haske biyun da Rabi ta kira cuta, wani wurin magani ce. Maria Goeppert-Mayer ta hango ta da alƙalami a kundin digirinta na uku a Göttingen a 1931. Shekara 30 babu wanda ya iya gwadawa, sai 1961 da leza ta samu. A 1990 aka gina madubin ƙara girma a kanta a Jami'ar Cornell, yau da shi ake leƙa cikin ƙwaƙwalwar dabba tana raye, don hasken ba ya aiki sai a ɗigon da aka tattara shi. Sinadaran da ake nema su sha ƙwaya biyu da kyau 'yan gidan su Rabi ne, masu ɗauri bi da bi. Akwai kuma masu neman gilashin da zai bar haske mai sauƙi ya wuce, amma ya yi duhu da kansa idan leza ta buge shi, don kare ido da kyamara. Duk lissafi ɗaya ne da nata.

Na biyu, akwai hanyar ba polima kai da gindi. Ana ɗaukar gajerun ƙwayoyi masu ɗauri bi da bi, gefe ɗaya mai tura ilektiron, ɗaya gefen mai ja, dangin rinin tufafi ne ma wasunsu. A cuɗa su cikin roba, a ɗumama har ta yi laushi, a sa mata lantarki mai ƙarfi duk su fuskanci gefe ɗaya kamar sahun salla, a sanyaya a haka. Da irin wannan ake yin na'urar da ke rubuta saƙo a kan haske. Wadda aka saba da ita a layukan su Usman ta lu'ulu'un litiyam nayobet ce, ma'aunin ƙarfin amsarta kamar 30, polima kuwa an kai ta sama da 100 a ɗakin gwaji. Matsalarta zafi: da ta ɗumama sahun ya fara watsewa. Shekaru aka yi ana fama da wannan, an ci gaba sosai, amma shi ma lu'ulu'un bai zauna ba, an koyi yanka shi siriri ya sake dawowa da ƙarfi. Ba zan ce polima ta ci ba. Ba zan kuma yarda a ce ta mutu ba.

Malam Garba, Asawase:
Nuhu, na ji daɗin ganin sunanka. Amma ka lura, duk misalanka Göttingen, Cornell, Jamus. Kai kana da leza a ƙarshen baranda. Ita fa? Rabi, kin taɓa harba leza a kan polimar nan da hannunki?

Rabi:
Ban taɓa ba, Malam. Aikina lissafi ne a kwamfuta. Ina gina sarƙar politayofin, polima mai ɗauri bi da bi wadda ƙwayoyinta zobba ne, zobe biyu, uku, huɗu, ina ƙarawa, ina lissafa yadda amsar ke girma. Da farko tana tashi da gudu, ka ninka tsawo ta ninku sau da yawa. Can sai ta gaji ta daidaita, don ilektiron yana da iyakar nisan da yake ji. Ina neman inda take gajiya, da kuma abin da zai faru idan na rataya mata wasu ƙwayoyi a gefe. Akwai tarko a ciki: hanyoyin lissafin da aka fi amfani da su an san suna zuzuta amsar dogayen sarƙoƙi fiye da gaskiya, sai an yi amfani da waɗanda aka gyara. Wata huɗu na yi ina murna da lambobin da daga baya na gane kumbura ce. Na zubar na sake.

Kowace sarƙa doguwa kwana biyu ko uku take ci. Makon jiya mai zobe takwas ta kai dare na uku, ƙarfe biyu da wani abu aka ɗauke wuta a unguwarmu. Batirin kwamfutata minti goma yake riƙewa. Na zauna a duhu ina kallon allo har ya mutu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da asuba na sake kunnawa daga inda ta ajiye na ƙarshe.

Hajiya Mariya, Kasuwar Asafo:
Wayyo 'yar nan. Alhaji, kana jin wannan?

Alhaji Tanko, Aboabo:
Yanzu nake ji, Hajiya. Ba ta taɓa faɗa mini ba.

Malam Garba, Asawase:
Rabi, kada ki ɗauka na raina aikin alƙalami. Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond, a nan jami'ar KNUST ta Kumasi ya koyar, da lissafi ya yi sunansa a duniya kan hasken eksire a ƙarfen litiyam, har ya rasu a 2017 ana girmama shi. Tsorona daban ne. Na ga yaranmu na zango da suka yi karatu mai zurfi suka dawo ba inda za su sa shi, unguwa ta riƙa nuna su ana hana ƙannensu makaranta, musamman mata. Ke ce ta farko a gidanku. Idan kika tsaya a hanya, ba ke kaɗai za ki tsaya ba. Shi ya sa nake son abin da kika riƙe ya zama mai kasuwa.

Dakta Nuhu, Jamus:
Wannan tsoron gaskiya ne, Malam, ba ni da ja. Abin da zan ƙara kawai: wanda ya iya lissafa yadda ilektiron ke yawo a politayofin, ya riga ya iya rabin aikin sola na roba, don da dangin politayofin aka daɗe ana yin su. Ƙofar da kake so ta bi ba a rufe take ba. Rabi, a Jami'ar Cape Coast akwai cibiyar leza da faiba a sashen fiziks. Ki nemi malaminki ya rubuta musu, ko ziyara ce ki je ki ga yadda ake daidaita haske a tebur. Ki kuma karanta hanyar awon da ake kira Z-scan, wadda aka fito da ita wajen 1990: ana matsar da samfur gaba da baya ta inda leza ta tattaru, a ga yadda hasken ke buɗewa da tsukewa. Lambobin da kike lissafawa da ita ake gwada su. Turo mini babinki na biyu in duba.

Rabi:
Na gode Yaya Dakta, zan turo daren nan. Malam, na ji maganarka har zuciyata. Ba zan canza batu yanzu ba, saura wata bakwai, kuma ina son in san inda sarƙar nan take gajiya. Amma zan tambayi malamina ko zan ƙara sashe kan yadda waɗannan sarƙoƙin ke shan hasken rana, tunda lissafin yana hannuna.

Malam Garba, Asawase:
Ban sauka daga ra'ayina kan makunnin ba, sai na gan shi a hannun Usman. Amma ƙara sashen. Kuma ranar Asabar ina da yara 'yan sakandare a gida bayan la'asar, mata sun fi yawa. Ki zo ki yi musu bayanin akuya da turke yadda kika yi a nan.

Hajiya Mariya, Kasuwar Asafo:
Zan aiko da manja kwalba biyu, sabo da wanda rana ta ci, su gani da idonsu.

Usman Faiba:
Ni ma ina da guntayen faiba a jaka, zan ajiye wa Yakubu in na dawo jibi.

Alhaji Tanko, Aboabo:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Abin da zan faɗa a tasha: tana binciken robar da haske zai riƙa ba haske hanya a cikinta, ba a gama samo ta ba, ita ma tana cikin masu nema. In na yi kuskure a gyara mini. Yakubu, nawa ne batirin kwamfuta irin tata, da wani abin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta cikin dare?

Yakubu Mai Gyara, Adum:
Sai na ga lambar da ke bayanta, Alhaji. Rabi, sarƙar da ke kan wuta yanzu yaushe za ta gama? Kada ki kashe ta saboda ni.

Rabi:
Laraba da dare, in Allah ya so.

Yakubu Mai Gyara, Adum:
To kawo ta Alhamis da safe, kafin shago ya cika. Ki haɗo da cajar.